Tarihin Datse Ruwa a Ƙasar Kano: Darasi Daga Lissafin Wata Ƙaramar Madatsa ta Aikin Gayya

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan ƙasar Kano ya san cewa shekara kashi biyu ce: watanni huɗu zuwa biyar da ruwa yake neman ya yi yawa, da kuma watanni bakwai da ake nemansa ido rufe. Ruwan saman da ke sauka a kewayen birnin Kano a shekarar da damina ta yi daidai yakan kai milimita 800 zuwa 900, amma kusan dukkansa tsakanin watan Yuni da Satumba yake zuba, mafi yawansa a Agusta. Rafin da ya hana mutum ƙetarewa zuwa gonarsa a tsakiyar damina, shi ne yara suke wasan langa a kan yashinsa a watan Maris. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan aka ga mutanen gari sun tsaya a bakin rafi suna kallon ruwa yana wucewa, su ce da ma a datse shi.

Wannan ɗan taƙaitaccen rubutu zai yi ƙoƙarin bin tarihin wannan tunani, tun daga yadda magabata suka tanadi ruwa har zuwa zamanin manyan madatsu. Daga nan zan kawo labarin wata ƙaramar madatsa da mutanen garinmu suka yi niyyar ginawa da kankare a shekarar 1985, lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sashen raya karkara na ƙaramar hukuma, da irin lissafin da aka yi kafin a yanke shawara. Na ga dacewar rubuta lissafin dalla-dalla ne domin har yanzu ƙungiyoyin ci gaban garuruwa suna zuwa mini da irin wannan buri, kuma tambayarsu ta farko takan zama, buhu nawa na siminti za mu saya? Abin da na koya shi ne wannan tambaya ita ya kamata ta zo a ƙarshe.

Yadda Magabata Suka Tanadi Ruwa

Idan aka duba tsofaffin garuruwanmu, za a ga cewa magabata ba su cika tare wa ruwa hanya ba. Abin da suka fi yi shi ne haƙa masa mazauni. Ginin ganuwar Kano, wanda aka faro zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, da ginin gidaje da ya biyo baya shekara da shekaru, sun bar ramuka masu zurfi a inda aka ɗebi ƙasa. Waɗannan ramuka su ne suka zama kududdufai, suna karɓar ruwan unguwa da damina, suna kuma riƙe shi domin gini da shayar da dabbobi da rani. A ƙauyuka kuwa akwai tafki, wanda ake yashewa da gayya idan ya cike da laka. Ruwan sha daga rijiya yake fitowa, kuma matsayinta ya kai har unguwanni suka ɗauki sunanta, kamar Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki. Masu lambu a fadama suna ɗaga ruwa da jigo, mata kuma suna tona ramuka a yashin rafi su kwarfi ruwan da ke kwance a ƙarƙashinsa.

Bai kamata a ɗauka cewa rashin abin gini mai hana ruwa wucewa ne ya sa suka tsaya a nan ba. Magina da marina sun san laso, wanda ake haɗawa da katsi da gashin jima da dafara, kuma da shi ake shafe ramukan marina su yi shekaru ba su yi yoyo ba. Amma sun yi amfani da shi ne a inda ruwa yake zaune. Sun san halin rafin ƙasarmu, wanda yake kwana a bushe ya wayi gari ya cika ya batse, yana ɗauke da itatuwa da yashi.

Zuwan Turawa ya kawo siminti da famfo. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe gidan ruwa na Challawa wanda yake turo wa birni ruwa. Amma wannan aikin birni ne. Ƙauye ya ci gaba da rijiyarsa da tafkinsa har bayan samun mulkin kai.

Zamanin Manyan Madatsu

An ƙirƙiro Jihar Kano a shekarar 1967, aka naɗa marigayi Alhaji Audu Bako gwamnanta na farko, ya yi mulki har 1975. A zamaninsa ne datse ruwa ya zama babbar manufar gwamnati. An kammala madatsar Bagauda a 1970, wadda ta ɗauki sunan sarkin Kano na farko. Sai kuma Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka gama a 1974, a daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya nuna wa kowa amfanin ajiyar ruwa. Tsayinta ya kusa mita 48, tsawonta kimanin kilomita 6, kuma da ruwanta ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Wannan tafarki ya ci gaba a hannun hukumar WRECA, aka sami Tomas a ƙasar Dambatta, da Watari a Bagwai, da Jakara a Wasai, da Kafin Ciri a Garko, da Guzuguzu a Kabo, da Kusalla a Karaye, da sauransu. A 1992 kuma aka kammala babbar madatsar Challawa a ƙasar Karaye.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai karatu ya lura da su. Na farko, jikin waɗannan madatsu duka da ƙasa aka yi shi. Ana zuba ƙasa hawa-hawa, ana yayyafa ruwa, rola tana dannewa, ana sa yumɓu a tsakiya domin ya hana ruwa tsiyaya. Kankare yana shiga ne a mafitar ruwa da bututun da ake sako shi. Madatsa irin ta Kainji da aka gama a 1968, wadda babban jikinta kankare ne, an kafa ta ne a kan dutse a tsakiyar Kogin Kwara, da kuɗin tarayya da na bashi. Na biyu, yawancin madatsun Kano suna kudu da yamma ne, inda dutse yake kusa da fuskar ƙasa. Idan aka nausa arewa maso gabas, wajen ƙasar Haɗeja da Gumel, rairayi ne mai zurfi wanda ba ya riƙe ruwa a sama.

Mu mutanen ƙauye ba mu lura da wannan ba. Abin da idonmu ya gani shi ne kwalbati da gada, saboda haka muka ɗauka ƙarfin kowane aikin zamani a siminti yake. A wancan lokaci siminti ya shiga bakin kowa, tun daga 1975 da ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da shi suka toshe tashar Legas, zuwa buɗe kamfanin Ashaka a 1979, ga kuma na Kalambaina a Sakkwato da ya riga shi.

Shawarar Garinmu

Farin 1983 da 1984 ya taɓa garinmu, wanda yake yamma da Kano, taɓawa mai tsanani. Rijiyoyi uku daga cikin biyar suka ƙafe. Mata suna fita tun asuba zuwa rafi, su tona yashi har iya ƙugu kafin su cika tulu ɗaya. Makiyaya suka yi kudu da shanu, wasu ba su dawo ba. Da kaka ta 1984 ƙungiyar ci gaban gari ta zauna a ƙofar gidan Dagaci, aka amince a datse koramar da ke bayan gari a wani wuri da gaɓoɓinta suka matso kusa da juna. Aka sa wa kowane magidanci karo-karo, 'yan ci-rani da ma'aikata da ke birni suka aiko da nasu, wata tsohuwa har akuyarta ta sayar ta kawo. Zuwa watan Janairu na 1985 abin da ke cikin asusu ya isa sayen buhu 200 na siminti.

Ni ne magatakardan ƙungiya, kuma ni ne na tsaya a gaban jama'a na ce buhu 200 za su yi aikin har a sami ragi. Na gina maganata ne a kan katangar bulo mai inci tara, irin wadda ake kewaye makaranta da ita. Tunda ina aiki a sakatariya, kowa ya ɗauka na san abin da nake faɗa.

A ofishinmu akwai wani tsohon safiyo wanda ya yi aiki a Tiga tun ana share daji. Na kai masa takardar ne domin ya sa hannu a ba mu aron tifa. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, “Yaro, ka taɓa zuwa wurin da tef?” Na ce, “A'a Baba, da ido muka kimanta.” Ya ce, “To, ran Asabar ka ɗauke ni a babur. Ka nemo rodi mai tsawo da guduma da igiya.”

Lissafin Kankare

Mun yini a bakin korama. Faɗin wurin daga gaɓa zuwa gaɓa mita 40 ne, kuma tsayin da ruwa zai iya kaiwa ba tare da ya malala cikin gonaki ba mita 3 ne. Baba ya zauna a gindin wata kanya ya buɗe littafinsa, wanda na kwafe shafukansa a daren nan, kuma har yau kwafin yana hannuna.

Ya fara da ƙarfin ruwa. Ruwa mai zurfin mita 3 yana tura kowace mita ɗaya ta tsawon bango da ƙarfin da ya kai nauyin tan 4 da rabi. Idan zurfin ya ninka, turin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi, wato a mita 6 ya zama tan 18. Katangar bulon da na zana kuwa, da kyar nauyin kowace mita ɗaya tata ya kai tan ɗaya. Bangon madatsa da nauyinsa yake tsayawa, don haka dole ya yi gindi mai faɗi. Ya zana bango mai kaurin mita 2.4 a ƙasa, yana tsukewa zuwa mita 0.6 a sama.

Daga nan ya koya mini ma'aunin da ake kira mita kubik, wato cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne mita ɗaya ne. Idan aka haɗa kaurin sama da na ƙasa aka raba biyu, za a sami mita 1.5. A ninka da tsayi mita 3, a sake ninkawa da tsawo mita 40, ya ba da mita kubik 180. Wannan abin da ke saman yashi ke nan. Harsashi mai zurfin mita ɗaya da faɗin mita 2.4 a tsawon mita 40 zai ci wasu 96. Sai fikafikan da za su shiga cikin gaɓa hagu da dama, da daɓen da ruwa zai riƙa faɗowa a kai don kada ya ƙwaƙule gindin bango. Jimla ta tashi kimanin mita kubik 300.

Kwaɓin da ake yi wa irin wannan bango shi ne awo ɗaya na siminti, uku na yashi, shida na tsakuwa. A wannan kwaɓi kowace mita kubik tana cin kimanin buhu huɗu da rabi mai kilo 50. Ke nan ana bukatar buhu 1,350, wato fiye da lodin tirela biyu mai ɗaukar buhu 600. Da a ce kwaɓi mai ƙarfi za a yi, na ɗaya da biyu da huɗu, to kowace mita kubik za ta haura buhu shida. Yashi zai kai mita kubik 140, tsakuwa 280, wato kimanin sawu 35 da sawu 70 na ƙaramar tifa. Yashi kyauta ne a korama, amma tsakuwa sai an fasa dutse ko an saya.

Na ce, “Baba, idan muka jefa manyan duwatsu a cikin kwaɓin fa?” Ya ce dabara ce mai kyau kuma ana yin ta, za ta rage kamar kashi ɗaya cikin biyar, amma har yanzu buhu dubu da ɗoriya ne. Ya ƙara da abin da ban taɓa tunawa ba. Buhu ɗaya na siminti kwanon sarki biyu ne, saboda haka kankaren da za a ɗauka a ka ya kai kwanon sarki 17,000. Idan da shebur za a kwaɓa, aka yi sa'ar zuba mita kubik biyar a yini, aikin wata biyu ne ba hutu, kuma duk inda zubin jiya ya haɗu da na yau wuri ne da ruwa zai nemi hanya. Ruwan kwaɓi kaɗai zai kai duro 250 mai lita 200, ban da wanda za a riƙa jiƙa bangon da shi aƙalla kwana bakwai don kada ya tsattsage. Duk wannan kuma da rani za a yi shi, a garin da mata suke kwana a rafi saboda tulu ɗaya.

Sai muka koma ga rodi. A tsakiyar korama da gaɓar yamma, rodin yana shiga mita ɗaya ya daki dutse. A gaɓar gabas kuwa ya nutse mita uku bai taɓa komai ba. Baba ya ce lissafin harsashin da muka yi ya rushe ke nan, domin bangon da rabinsa ke kan dutse rabi kan yashi zai tsage a tsakiya, ruwa kuma zai bi ta ƙarƙashi yana jan yashi kaɗan-kaɗan har ya buɗe rami.

Lissafin Ruwa

Na ɗauka an gama, ashe ba a fara ba. Baba ya ce, “Mu ƙaddara Dagaci ya sami mai ba shi buhu 1,350 sadaka. Ruwa nawa za ku samu?” Muka bi korama sama da igiya da ma'aunin daidaito, muka ga ruwan zai koma baya kimanin mita 300. Tunda mazaunin ruwan yana tsukewa kuma yana rage zurfi yayin da ake yin sama, ƙa'idar da ake bi ita ce a ninka tsawo da faɗi da zurfi, a raba shida. Wannan ya ba da mita kubik 6,000, wato lita miliyan shida.

Adadin ya yi mini daɗin ji, har sai da aka kawo masu sha. Mutanen gari wajen 1,500 ne, idan kowa ya sami lita 20 a yini, lita 30,000 ke nan. Shanu 400 a kan lita 25 kowace, lita 10,000. Jimla lita 40,000, wadda za ta kai kwana 150. Amma akwai mai shan da ba a gayyata ba. Da rani, rana da iskar hunturu suna ɗauke kimanin milimita 7 daga fuskar ruwa kowace rana a ƙasarmu. Fuskar wannan ruwa idan ya cika ta kai murabba'in mita 6,000, don haka abin da zai tashi sama a yini ya kai lita 42,000, wato daidai da abin da gari da dabbobinsa za su sha. Da aka haɗa biyun, ruwan da ya cika a tsakiyar Oktoba zai ƙare kafin ƙarshen Janairu, ko da ƙasa ba ta tsotsi ko ɗigo ba. Mu kuwa wahalarmu daga Maris zuwa Mayu take.

Na ƙarshe shi ne ambaliya. A taswirar ofis, ƙasar da ke zubo wa koramar ruwa ta kai murabba'in kilomita 5. Ruwan sama mai milimita 50 a dare ɗaya ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, kuma a wannan faɗin ƙasa ya kai mita kubik 250,000. Ko kashi ɗaya cikin uku ne ya gangaro, ya ninka cikin madatsar fiye da sau goma sha uku. Wato za ta cika a farkon dare, sauran duka sai ya sami hanyar wucewa. Idan ba a yi masa mafita mai faɗi ba, zai yi wa kansa. Kuma kowace ambaliya tana zuwa da yashi, wanda cikin 'yan shekaru zai cike bayan bangon. Baba ya nuna mini gonakin rake da 'yan gidaje da ke ƙasa da wurin, ya ce, “Waɗannan an tambaye su?” Ba a tambaye su ba.

Hukuncin Taro

Ban taɓa jin nauyin taro kamar na ranar Juma'ar da ta biyo baya ba. Na miƙe na ce, “Ranka ya daɗe, maganar da na faɗa a baya kuskure ce. Kuɗinmu bai kai kashi ɗaya cikin shida na simintin da ake bukata ba, kuma ko ya kai, ruwan ba zai kai mu bazara ba.” Wuri ya ruɗe. Wasu matasa suka ce 'yan boko sun saba kashe wa mutane gwiwa, wani ya ce a mayar wa kowa kuɗinsa, wani kuma ya yi shaguɓen cewa wataƙila an ci kuɗin ne ake neman hanyar fita. Baba ya sa aka kawo daro da tulu aka cika su da ruwa daidai wa daida, ya ce a ajiye su a rana, a duba Juma'a mai zuwa.

Sarkin magina, wanda ya haura shekara saba'in, shi ya kwance taron tun kafin Juma'ar ta zo. Ya ce, “Ranka ya daɗe, abin da baƙon nan yake faɗa iyayenmu sun sani. Tsohon tafkin da ke gefen korama, ina yaro raƙumi yana nutsewa a cikinsa. Mu ne muka bar shi ya cike.” Dagaci ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, a koma tafki.

Abin da aka yi shi ne, aka yashe tsohon tafkin aka faɗaɗa shi zuwa mita 50 da mita 40 a baki, zurfi mita 4, gaɓoɓinsa a kishingiɗe don kada su rufta kuma dabba ta iya sauka. Cikinsa ya kai kimanin mita kubik 5,500, kusan daidai da madatsar, amma fuskar da rana take sha kashi ɗaya cikin uku ce ta waccan. An yi rani biyu ana gayya da diga da shebur da kwanon sarki, aka kuma sami katafila ta kwana uku, ƙungiya ta sayi mai. Aka daɓe gindinsa da yumɓu, aka kora shanu suka tattake. Buhu 200 ɗin nan suka tafi wajen gina bakin da ruwa yake shigowa daga korama da dutse da siminti, da mafitar da rara take komawa, da ɗaure rijiyoyi biyu a gefen tafkin. Ruwan sha daga rijiyoyin ake ɗiba, domin a lokacin kurkunu yana kwantar da manoma a tsakiyar damina, kuma daga ruwan tafki ake kamuwa da shi. Sai a 2013 aka tabbatar wa Nijeriya ta rabu da wannan cuta.

Abin da Ya Biyo Baya

Ba zan ce tafkin ya raba mu da wahala baki ɗaya ba. A shekarar da damina ta yi kyau yana kaiwa saukar ruwa, a shekarar da ta gaza yakan ƙafe a Afrilu, kuma duk bayan 'yan shekaru sai an yashe shi. Amma yana nan yana aiki.

Wani gari da ke maƙwabtaka da mu, waɗanda suka fi mu kuɗi da 'ya'ya a birni, sun gina tasu katangar ta bulo a 1986. Ta yi kyan gani, an yi bikin buɗewa, na je kuma na ji kunyar mutanena a ranar. A daren wani babban ruwa na watan Agusta na shekarar, ruwa ya zagaye ta ta gefe, ya ƙwaƙule gindinta, ya kwantar da ita. Ba a rasa rai ba, amma an yi asarar gonaki da awaki, kuma an daɗe ba a sake iya tara kuɗin gayya a garin ba. Wannan asara ta biyu ta fi ta farko ciwo.

Manyan madatsu ma ba su tsira ba. A watan Agusta na 1988, bayan ruwa mai yawa, madatsar Bagauda ta ɓalle, ta yanke hanya ta yi ɓarna mai yawa, sai daga baya aka sake gina ta. A 1992 aka sassauto da bakin mafitar ruwan Tiga domin a rage wa jikinta nauyi. A 2006 madatsar Gusau ta ɓalle, a watan Satumba na 2024 kuma ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Haka kuma mutanen fadamun Haɗeja da Nguru sun ga yadda datse kogi a sama ya sauya musu ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita, ciyawar kacala ta toshe magudanai. Tambayar da Baba ya yi mini game da masu gonakin rake ita ce dai wannan, sai dai a babban ma'auni.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ƙasar Kano ta bi matakai uku wajen tanadin ruwa: haƙa irin ta magabata, da madatsun ƙasa na gwamnati, da ƙoƙarin jama'a na gina nasu da siminti. Shawarata ga duk ƙungiyar da ke da wannan niyya ita ce ta bi tambayoyin a jere. A fara auna ruwan da wurin zai riƙe, a cire rabon rana da na ƙasa, a ga ko zai kai watan da ake bukatarsa. A soka rodi daga gaɓa zuwa gaɓa a san inda dutse yake. A ƙiyasta ruwan dare mafi muni a tanadar masa mafita. A zauna da waɗanda ke ƙasa da wurin, a kuma sanar da hukumar da ke kula da ruwa, a nemi injiniya ya duba. Bayan wannan ne za a ninka tsawo da kauri da tsayi a ƙirga buhu, a ƙara kashi goma cikin ɗari saboda ɓarna. Sau da yawa za a tarar ƙasa da yumɓu da zurfi sun fi araha, siminti kuma ya tsaya a bakin shiga da bakin fita.

Ina kuma kira ga masu nazarin tarihi da su tattara labarin tafkuna da kududdufan garuruwanmu, da sunayensu da waɗanda suka haƙa su, tun dattawan da suka sani suna raye, domin da yawa an cike su an yi gini a kai, kuma unguwannin suna ganin sakamakon haka kowace damina. Baba safiyo ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Daron da tulun da ya sa aka ajiye a ƙofar gidan Dagaci, na je na duba su a Juma'ar da ya ce, na tarar daron ya kusa rabi, tulun kuwa ɗan kaɗan ya ragu daga wuya.